Shekarar da Kili ta ɗauki tagwaye

Ƴaƴana, wannan babin ne na fi daɗewa ina kewayawa. Na rubuta muku zuwana Yamai, na rubuta aurena da uwarku, na rubuta shekarun da na yi ina gadin ma'ajiyar hatsi, duk ban yi jinkiri ba. Amma yau kwana tara ke nan ina buɗe littafin nan in rufe. Abin da kuka sani shi ne likita da na'urarta suka kashe Kili, kuma yayanku Mamman ne ya kawo likitar gidanmu. Haka ake faɗa a cikin gida, haka ake faɗa a unguwarmu Talaje har yau in hirar dawaki ta taso. Ba haka ba ne. Ku yi haƙuri da rubutuna, aji shida na tsaya a lakwal, wato makarantar boko, amma zan bi maganar daki-daki yadda ta faru.

Kili goɗiya ce fara mai ɗan toka-toka a cinya. Kakarta mahaifina ya jawo da ƙafa tun daga ƙasar Arewa lokacin da ya yi ƙaura, bai zo da gona ba, bai zo da shanu ba, ita kaɗai ce dukiyarsa. Ya bar mini doka ɗaya kafin ya rasu: namiji ka sayar, mace ka riƙe. Haka muka yi ta yi, uwa ta bar ƴa a turke ɗaya, ƴa ta bar jika. Sai a kan Kili abin ya tsaya. Sau huɗu ta haihu a hannuna, duk maza, masu sukuwa suka saye su tun ba su gama yaye ba. Ina ta jiran mace har ta fara tsufa, bayanta ya ɗan lotsa, gashin goshinta ya yi fari fat. Ku kun san halina. Ni ne mai dawowa daga bakin titin gudron in duba ko na rufe ƙofa, ni ne mai sake alwala sau uku don ban tabbata ruwa ya taɓa gwiwar hannu ba. To ku auna yadda nake ji duk safiya in na zuba mata dusa ina tunanin a hannuna turken mahaifina zai mutu.

Yadda muka gada, in goɗiya ta fara nema sai a kai ta baye wurin mai ingarma. Ni wurin Saini nake kai ta, wani Bazabarme mai lambu a Gudel, abokina tun muna samari, yana da baƙin ingarma da ba shi da na biyu a bakin kogi. Nakan ja ta da sassafe mu ratsa gari kafin motoci su yi yawa, goro a aljihuna. Saini ya san ni ɗan tagwaye ne, bai taɓa barina na huta ba.

“Usaini, ka zo lafiya? Don Allah kar ka turo mini kunama, ga ingarman nan kyauta.”

“Kunamata ba ta cin Zabarmawa, ɗaci gare ku.”

Shekara uku a jere muna haka, a baye ta, in dawo da ita, in yi ta duban cikinta ina auna shi da igiya, bayan sati uku ta sake nema. A ta ukun Saini ya rako ni har bakin lambu, ya bar wasa, ya ce tsohuwa ta gaji, in bar ta ta ci harawarta cikin salama.

Mamman a lokacin yana tuƙa kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Yamai da Kwatano, sati biyu yana hanya, kwana uku yana gida. Shi ne cikinku ya fi son Kili, a bayanta ya koyi zama tun bai iya ɗaura wando ba. Wata rana bayan la'asar ya same ni ina goge mata jiki, ya durƙusa ya ce akwai wata likitar dabbobi a unguwar Yantala da wannan ne aikinta, samar wa dawaki ciki. Tana da na'urar da ke ganin cikin mahaifa, tana sanin ranar da ta dace, har irin ingarma takan ɗebo ta zuba da hannunta ba sai an haɗa su ba.

“Mace?” na ce.

“Mace, Baba. Dawakin manya duk ita ke duba su.”

“Ka tambaya ko ya halatta?”

“Na san za ka ce haka, na riga na tambayi Malam Idi. Ya ce dabba ce, babu laifi.”

Duk da haka sai da na je da kaina wurin Malam Idi, limamin masallacinmu, ya maimaita mini, sannan na yarda.

Sunan likitar Hawa, ƴar gajeruwa, Hausarta ta kasuwa ce mai gauraye da Zabarmanci da Faransanci. Ta zo a moto, wato babur, da akwati a baya. Abin da ya fara kwantar mini da rai shi ne ba ta taɓa Kili ba sai da ta tsaya a gabanta ta bar ta ta shinshina hannunta. Ta sa doguwar safar roba har kafaɗa, ta shigar da wani ɗan abu mai waya, hoto ya fito a ɗan gilashi kamar na telefon. Ekografi suke ce masa. Ta ce akwai ruwa mara kyau da ya taru a mahaifar, shi ke hana iri zama. Kwana uku tana zuwa tana wanke ta. Bayan nan ta riƙa dubawa har ranar da ta ce yau ne, ta yi mata allura, washegari ta je Gudel da kanta ta ɗebo irin ingarman Saini a cikin ƴar glasiya mai riƙe sanyi ta zuba wa Kili, don na ce ba na son jinin da ban sani ba. Ban ga kuskure ko ɗaya a aikinta ba. Ina so ku riƙe wannan. Ni da nake neman kuskure a komai, ban samu ba.

Ranar sha huɗu da zuba irin ta dawo dubawa. Mamman yana hanya, uwarku ta tafi suna a maƙwabta, daga ni sai ita sai Kili a tsakar gida. Ta daɗe tana kallon gilashin, ta juya hannu, ta sake kallo. Sai ta kira ni. Na ga ɗigo baƙi kamar ɗan kurna, na ga wani a gefensa, ɗan ƙarami da shi.

“Ta kama, Baba. Amma biyu ne.”

Wallahi sai da na zauna a kan turmi. Shekara uku ina roƙon ɗaya, ga biyu. A wurinmu tunkiya mai biyu abin nunawa ce, akuya mai biyu ba a sayar da ita. Na fara hamdala da ƙarfi, sai na ga ita ba ta murna.

“Baba, goɗiya ba akuya ba ce. Cikinta ɗaya yake iya ciyarwa. In an bar biyu, yawanci duka suke zubewa in ciki ya tsufa, wani lokaci su tafi da uwar. Yanzu abu ne mai sauƙi. In sa hannu in matse ɗaya da yatsu, ɗayan ya samu wuri. Ba rai a ciki tukuna, ruwa ne.”

“Wanne za ki matse?”

“Ƙaramin.”

Ita ba ta san abin da ta taɓa ba. Ku ma ban taɓa ba ku labarin sosai ba. Da aka haife mu, Hasan ne babba mai ƙiba, ni kuwa an ce kamar ɓera nake, ungozoma ta ce kar a wahala da ni ba zan kai suna ba. Ƙyanda ta ɗauke Hasan muna shekara biyu, ni na rage. Innata har ta rasu in ta sayo mini hula sai ta sayo biyu, in ta zuba mini fura sai ta ɗiga kaɗan a wata ƴar ƙwarya ta ajiye. Na girma ina jin kamar abincin mutum biyu nake ci ban biya ba. Da na kalli ɗan ƙaramin ɗigon nan sai zuciyata ta ce, da a ce wani ya tsaya a kanmu ranar nan da ikon zaɓe, ni za a matse.

Na ce ta ba ni lokaci in yi shawara. Ta ce kwana biyu, uku in ya yi yawa, bayan nan suna manne wa mahaifa, aikin ya zama mai wuya da haɗari. Na tambaye ta ko ɗaya ba ya ɓacewa da kansa. Ta ce yakan faru, amma ita ba za ta jingina tsohuwar goɗiya a kan yakan faru ba. Ta fitar da hoton a ƴar takarda mai sulɓi ta ba ni. Na roƙe ta kar ta kira Mamman, yana tuƙi, ni zan gaya masa. Ta amince, don ni ne uba kuma ni ne mai dabba.

Uwarku ta dawo ta tarar da ni zaune a turmin.

“Malam, me likita ta ce?”

“Ta kama.”

Ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ban ƙara kalma ɗaya ba. Takardar tana aljihuna, ina jin ta kamar garwashi.

Washegari na je wurin Malam Idi, na ce wani abokina ne abin ya sama. Ya ce a gaya wa abokin ya bar likita ta yi aikinta, tunda ceton uwa da ɗa ne, kuma dabbar ma da ranta ake yanka ta don amfani balle abin da bai zama komai ba. Amsa ce mai kyau, sarai. Na fito ina cewa a raina ƙila bai fahimci tambayar ba. Na je wurin wani a Yantala, ya faɗi kusan haka. Na je wurin na uku. Kwana huɗu ina yawon zaure zaure, har na samu wani tsoho a bayan kasuwa da ya ce abin da Allah ya dasa biyu wane ne kai da za ka mai da shi ɗaya. Nan na tsaya. Yanzu na san ba fatawa nake nema ba, mai faɗin abin da ke raina nake nema, kuma duk wanda ya yi yawo irin nawa a garin nan zai same shi. Likita ta kira ni sau shida a kwanakin nan. Ina kallon telefon yana ƙara har ya yi shiru. Da ta zo da kanta na tare ta a ƙofar gida, na ce mun gode, aikinta ya ƙare, mun bar wa Allah sauran. Ta ce ko dubawa kawai in bar ta ta riƙa yi. Na ce a'a, don ina tsoron abin da gilashin zai nuna mini, ko biyu ko ɗaya. Ta daɗe tana kallona, ta ce, “Baba, in ka ga nono ya fara zuba kafin lokaci, ka kira ni nan take.” Ta hau motonta.

Wata bakwai na yi a tsakanin murna da fargaba, ban gaya wa kowa ko ɗaya daga ciki ba. Na ninka mata gero. Da ruwa ya cika kogi na riƙa zuwa Gudel ina ɗauko mata ɗanyar ciyawar burgu a kai. Cikinta ya yi girma fiye da kowane ciki da ta taɓa yi, Mamman in ya dawo sai ya kanga kunne a jikinta yana dariya, yana cewa wannan karon mace ce, ya ji muryarta. Ya zagaya kartiye, unguwar duka, yana yabon likita, har mutum biyu suka kai mata dawakinsu a kan maganarsa. Ni kuma na je kasuwa na sayo ƴar ragama ta duƙushi, da na zo biya sai hannuna ya ɗauki ta biyu, yadda Inna take yi. Uwarku ta gan su a akwatina.

“Biyu kuma na mene ne?”

“Ɗaya ta ajiya ce.”

“Kai da ajiya, Malam. Wata rana numfashi ma za ka ajiye.”

Cikin wata na takwas, zafi ya sauko, wata safiya na ga farin ruwa ya bushe a ƙafafunta na baya. Nono ne. Uwarku ta ce alamar albarka ce. Ni na tuna maganar bakin ƙofa. Na ɗauko telefon, na nemo sunan likita, na mayar aljihu. In na kira ta, za ta zo ta faɗi biyu a gaban uwarku, a san na ɓoye. Kwana uku ina ɗaukowa ina mayarwa. Ban sani ba ko da na kira za a iya ceton wani abu a lokacin. Amma ban kira ba.

Rana ta huɗu bayan azahar na dawo masallaci na tarar da Kili kwance, jikinta sharkaf da zufa. Kafin la'asar ta zubar da su. Na farko namiji, ya daɗe da mutuwa a ciki, ya shanye. Ta biyu ta fito da ɗan gashi a jiki, fara mai toka-toka a cinya, ta motsa baki sau biyu ta daina. Mace ce. Shekara goma sha ina jiran ta, na riƙe kanta a cinyata bai kai minti ɗaya ba. Ban san ko ita ce ƙaramin ɗigon ko babban ba, kuma wannan tambayar ba ta taɓa barina ba. Mahaifa ta ƙi fita. Maimakon in kira likita nan take, na jiƙa kanwa na ba Kili, na jira gari ya waye, don har lokacin kunya ta fi ƙarfin tsorona. Da likita ta zo washegari zazzaɓi ya riga ya kama Kili. Likita ta yi aiki har rigarta ta jiƙe, ta ciro abin da ya rage, ta wanke, ta rataya ruwa a reshen dalbejiya ta sa mata a jijiya. Mata sun cika gidan suna kallonta da wani irin ido. Ba ta ce komai a gabansu ba. Da za ta tafi ta rage murya.

“Baba, nonon yaushe ya fara?”

“Kwana biyar.”

Ta rufe akwatinta kawai. Ciwon ya sauka ƙafafun Kili, kofato ya yi zafi, ta kasa tsayuwa. Kwana huɗu tana kwance tana bin ni da ido in na gitta. Ranar Laraba da hantsi ta mutu, muka ɗora ta a amalanken jaki muka fitar da ita bayan gari.

Ban ƙirƙiri maganar da ta bazu ba, amma ban tare ta ba. Aka ce allurar likita ce ta raba cikin biyu. Aka ce iri a cikin kwalba ba ya zuwa da alheri. Aka ce tsohuwar dabba tana zamanta, yaro ya kawo mata boko har turke. Ina zaune ana yi mini jaje da waɗannan maganganu, ina cewa sai haƙuri. Mamman ya dawo bayan kwana biyu ya tarar da turke wayam. Bai ko sha ruwa ba ya tafi Yantala. An ce mini a gaban mutane ya ɗaga mata murya, ya kira ta maƙaryaciya, ya ce na'urar da ba ta ga biyu ba me take gani. Da ya dawo idonsa ja, ya durƙusa gabana a inda Kili take kwanciya.

“Baba, ta ce in tambaye ka. Ta ce, je ka tambayi babanka. Me take nufi?”

Uwarku tana tsaye a bakin madafa da ludayi a hannu. Takardar tana cikin akwati ƙarƙashin ragama biyu, taku goma daga inda muke.

“Ban san abin da take nufi ba,” na ce.

Ya sunkuyar da kai ya ce, “To ni na jawo. Ka yafe mini, Baba.” Na ɗora hannu a kansa na ce na yafe. Ni na yafe masa. Duk abin da na yi a shekarar nan, wannan ne ba na iya tunawa ina cin abinci.

Sauran kun gani da idonku, ba ku dai san tushensa ba. Uwarku cikin ɓacin rai ta taɓa ce masa shi da kawo sabon abu sai ya ga bayan gidan nan, kafin shekara ta zagayo ya koma hanyar Agadas ya zauna can. Yakan kira da salla, mu gaisa, ya tambayi ƙafata, ba ya ambatar doki. An ce ko a hanya ya ga doki sai ya kau da kai. Uwarku ta rasu tana ganin laifinsa, ban gyara mata ba, kullum ina cewa sai ta ji sauƙi. Saini ya rasu yana cewa da mun bar tsohuwa ta huta. Mutanen kartiyenmu suka daina kai wa likita dabbobi. Bara na tattara ƙarfin hali na hau taksi zuwa Yantala in nemi gafararta, na tarar ana sayar da telefon a wurin, mai shagon bai ma taɓa jin sunanta ba. Na yi azumi, na yi sadaka, na sake tambayar malamai, duk sun ce haƙƙin mutum sai mutum ya yafe. Wannan karon ban samu mai faɗin abin da nake so ba, ko da yake na nema.

Turken yana nan, kun sha cewa a tumɓuke shi yana tare hanya, jikokina sun mai da shi wurin ɗaura igiyar shanya. Ku tumɓuke in na tafi, babu abin da za a sake ɗaurewa a jikinsa. Takardar na liƙa ta a shafin nan. Ta dushe, irin takardar ba ta jure zafin Yamai, amma in kun kai ta bakin taga za ku ga ɗigo biyu, da kwanan watan da likita ta rubuta da biro a ƙasa. Duk wanda littafin nan ya fara shiga hannunsa, ya kai wa Mamman, kar a karanta masa ta telefon, a sa masa a hannu. Na so in faɗa masa da bakina, na kira shi sau uku a watan nan, duk lokacin sai in tambaye shi zafin Agadas in kashe.

Mamman, ta ce ka tambayi babanka, ka tambaya. Na sani. Tun ranar sha huɗu na sani.